Darasi na Bakwai: Kwanon Yaro da Tukunyar Gida

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran kowane ɗalibi, mace ko namiji, zai iya:

1. faɗin kayan girkin da ake buƙata wajen ciyar da yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 2, da aikin kowanne;
2. auna abincin da ya dace da shekarun yaro;
3. haɗa garin kunu mai gina jiki da hatsin da ke gida;
4. gane hanyoyin da kayan girki ke kawo wa yaro cuta;
5. tsara abincin gida ta yadda kason yaro zai fito daga tukunyar kowa.

1. Lokacin fara abinci

Daga haihuwa har wata shida, nonon uwa kaɗai ya ishi jariri. Ba ya buƙatar kunu ko jiƙo, ko ruwa ma ba ya buƙata, domin nonon yana ɗauke da ruwan da zai kashe masa ƙishi har a zafin bazara. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ita ake koyarwa a asibitocin Najeriya da Nijar. Idan ya cika wata shida, jikinsa ya fi ƙarfin nono shi kaɗai, kuma sinadarin ƙarfe mai gina jini da ya tara tun yana ciki ya fara ƙarewa. A nan ne ake fara ba shi abinci, a kuma ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye.

> Ƙarin abinci: abincin da ake ba yaro daga wata shida, a kan nonon da yake sha, ba a madadinsa ba.
>
> Tamowa: lalurar da ke kama yaro idan jikinsa bai samu isasshen abinci mai gina jiki ba. Yakan rame, ko ƙafafunsa su kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi.

Tsakanin wata shida da shekara biyu ne yara suka fi faɗawa tamowa. Wani lokaci babu ce ke jawo ta. Amma sau da yawa akwai hatsi a gidan, akwai wake, akwai gyaɗa, sai dai ba su isa cikin yaron yadda ya kamata. Wannan darasi a kan haka yake.

2. Kwano, cokali da kofi

Ba sai an sayi injin markaɗe ko abincin gwangwani na kanti ba kafin a ciyar da yaro. Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne ƙaramin kwano mai murfi wanda na yaron ne shi kaɗai.

A gidajenmu an saba zuba wa yara abinci a tire ɗaya. Al'ada ce mai kyau ga manyan yara, tana koya musu zama tare. Amma ɗan wata goma ba zai iya gasar loma da ɗan shekara bakwai ba. Kafin ya kai hannu sau uku, yayyensa sun share tiren, uwa kuma ta ga tire wayam ta ɗauka kowa ya ƙoshi. Idan kwanonsa daban ne, uwa tana ganin abin da ta zuba, tana ganin abin da ya rage. Ranar da ya fara rage abinci, ita ce za ta fara sani, tun kafin jikinsa ya nuna.

Ga ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ga yaron da ke shan nono. Kwanon da ake nufi shi ne mai cin mililita 250.

- Wata 6 zuwa 8: sau 2 zuwa 3 a rana. A fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kwano.
- Wata 9 zuwa 11: sau 3 zuwa 4 a rana, rabin kwano kowane ci.
- Wata 12 zuwa 23: sau 3 zuwa 4 a rana, kashi uku cikin huɗu na kwano har zuwa cikakken kwano.

A tsakanin waɗannan ana iya ba shi ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, kamar ayaba, gwanda ko dafaffen dankali.

*Misali na 1.* Wata uwa tana so ta san ina mililita 250 yake a kwanon ɗanta, ba ta kuma da abin awo. Sai ta sayi ledar fiya wata ɗaya, wadda aka rubuta 50cl a jikinta, wato mililita 500. Ta samo kofuna biyu iri ɗaya, ta raba ruwan daidai. Kowane kofi yanzu yana da mililita 250. Ta juye kofi ɗaya a kwanon yaron, ta yi alama da ƙusa a bayan kwanon daidai inda ruwan ya tsaya. Ta sake raba wannan ruwan biyu, ta yi alama ta biyu. Ɗanta yana da wata tara, don haka a kowane ci abincinsa ya kai alamar ƙasa.

Cokalin yaro ya zama ƙarami, mai santsin baki, wanda ba zai yanke masa dasashi ba. A zaunar da yaro a cinya yana fuskantar mai ba shi, a jira ya haɗiye, a riƙa yi masa magana. Idan ya ƙi sabon abinci yau, a sake gwadawa gobe da jibi. Yara da yawa sai sun ɗanɗana abu sau da dama kafin su karɓe shi.

A nan dole mu yi maganar ɗura. Iyayenmu da kakanninmu sun yi ta ne don tsoron kada yaro ya kwana da yunwa, ba don mugunta ba. Duk da haka tana da haɗari ƙwarai. Yaron da aka danne, aka toshe masa hanci, yana kuka yana jan numfashi, kunun na iya bin hanyar iska ya shiga huhunsa. Daga nan sai sarƙewa, ko ciwon huhu bayan kwana biyu, wani lokaci har rasa rai. Wanda ya tsira kuma yakan tsani abinci, ya riƙa kuka da ganin kwano. Cokali yana cin lokaci, amma shi ne hanya. Idan aiki ya yi wa uwa yawa, kaka ko uba ko babbar ya su karɓe ta.

Ruwa da abin sha kuwa a ba shi da ƙaramin kofi marar murfi. Fida tana da lungu, robar bakinta tana riƙe ragowar madara ko kunu, ga wuyar wankewa, shi ya sa take yawan jawo gudawa. Kofi kuwa ana ganin cikinsa gaba ɗaya, soso yana isa ko'ina.

3. Kayan da ke laushi abinci

Cikin ɗan wata takwas bai fi kofin shayi girma ba. Idan aka cika shi da tsararon kunu, to an cika shi da ruwa. Yaron zai yi shiru na ɗan lokaci, ya yi fitsari, yunwa ta dawo, jiki kuma bai samu komai ba. Uwa takan tsinka kunu ne don yaro ya haɗiye da sauƙi. Abin da ake so shi ne abincin ya yi laushi, ya kuma yi kauri.

> Kunu mai kauri: kunun da idan aka ɗebo shi a cokali aka karkata cokalin, ba ya tsiyayewa nan take, sai dai ya gangaro a hankali.

Kayan da ke wannan aiki duk muna da su:

- Turmi da taɓarya. Da su ake daka busasshen kifi, busasshen zogale, ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa su zama gari. Idan da hali a ware ƙaramin turmi wanda ba a daka barkono a ciki.
- Rariya. Ita ke tankaɗe gari, ta tsare ƙayar kifi da tsakuwa da ɓawo.
- Mataci. Ana murza dafaffiyar kabewa, karas ko wake ta cikinsa da bayan cokali, su fito sumul. Aikinsa na makonnin farko ne. Daga wata takwas ko tara a bar ɗan gudaji-gudaji mai laushi a abincin, don yaro ya koyi tauna.
- Maburgi. Yana burge miya da faten wake har su narke.
- Ƙaramar tukunya mai murfi. Ita ke sa a dafa daidai cin yaro, ba sai an ajiye saura ba.

Wanda yake da injin markaɗe na lantarki ya yi amfani da shi, amma ya kwance wuƙar ya wanke ƙarƙashinta, don nan ne ragowar abinci ke maƙalewa.

Akwai wata dabara da masu kunun zaƙi suka daɗe da sani. Idan aka jiƙa gero ko dawa suka yi tsiro, aka shanya aka niƙa, ɗan kaɗan daga wannan gari yana sassauta kunu mai kauri ba tare da an ƙara ruwa ba. A dama kunu da kauri, a bari ya ɗan huce, a zuba ƙaramin cokali na garin tsiro, a juya. Idan ya saki, a mayar da shi wuta ya sake tafasa. Yaron da bai iya haɗiye mai kauri ba tukuna zai sha wannan, kuma ƙarfin hatsin yana nan bai ragu ba.

4. Garin kunu na gida

Gero shi kaɗai yana ba da ƙarfi, amma bai isa gina tsoka da jini ba. Idan aka haɗa shi da waken soya da gyaɗa, sai su cike wa juna giɓi. Wannan haɗin ne ake kira Tom Brown a asibitoci da wuraren kula da masu tamowa, musamman a arewa maso gabashin Najeriya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne 6, 3, 1: hatsi shida, waken soya uku, gyaɗa ɗaya.

*Misali na 2.* Wani magidanci ya kawo gero, waken soya da gyaɗa daga kasuwa. Matarsa ta ɗauki gwangwani ɗaya ta auna gero 6, waken soya 3, gyaɗa 1. Jimla gwangwani 10. Da tana son ninki biyu, sai ta auna 12, 6 da 2. Ko da mudu aka auna ko da kofi, lissafin bai canja ba, muddin mazubi ɗaya aka yi amfani da shi ga duka ukun.

Ga yadda ta sarrafa su. Ta tsince kowanne, ta wanke geron ta shanya. Waken soya ta jiƙa shi, ta murje ɓawon, ta shanya ya bushe sarai. Ta soya kowanne daban a kasko ba mai, har ya yi ƙamshi ya ɗan yi ja, domin ba lokaci ɗaya suke soyuwa ba, kuma ɗanyen waken soya yana ɓata ciki. Sannan ta haɗa ta kai niƙa. A wurin mai inji ta roƙi kada a zuba nata bayan na mai barkono ko kayan yaji. Da ta dawo ta baza garin a faifai ya huce, ta tankaɗe, ta zuba a mazubi mai murfi. Ba ta yin mai yawa, sai wanda zai ƙare cikin mako biyu, saboda maiƙon gyaɗa yana sa gari saurin lalacewa. In za ta dama, takan kwaɓa da ruwan sanyi, ta zuba a tafasasshen ruwa, ta yi ta juyawa kamar minti goma har ya dahu.

A kula sosai wajen tsintar gyaɗa da masara. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna, ta yi baƙi, ta motse ko take ɗaci, a zubar da ita. Irin wannan tana ɗauke da guba mai lahanta hanta da hana yaro girma, kuma suya ba ta kashe gubar.

5. Inda cuta ke shiga

Abinci mai kyau a ƙazamin kwano gudawa yake zama, gudawa kuma ita ce babbar ƙofar tamowa. Mai ba da abinci ta wanke hannunta da na yaron da sabulu, ana zuba ruwan da buta, ba a tsoma hannu a kwano ɗaya ba. Kwano da cokali a wanke su da zarar an gama, a kife su a kan wani abu mai tudu inda kaji da awaki ba sa kaiwa. Kada a goge su da gefen zani.

Dafaffen abincin da ya huce ya zauna sama da awa biyu, ƙwayoyin cuta sun fara yawa a cikinsa, ko da bai yi tsami ba. Sai an sake tafasa shi har tsakiya kafin a ba yaro. Filas yana taimakon uwa mai zuwa gona ko kasuwa, da sharaɗin a ɗauraye shi da ruwan zafi, a zuba kunun yana tafasa. Idan aka buɗe aka ji ya koma ɗumi-ɗumi, a mayar da shi wuta.

Kada a zuba gari, ruwa ko mai a galan ko robar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, fetur ko fenti, ko an wanke ta. Haka nan turmin abinci da injin niƙan hatsi ba a haɗa su da wani aiki. A shekarar 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, an riƙa daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje da unguwanni, da turame da injinan niƙa. Duwatsun suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasa da hannayen yara da abinci, yara sama da 400 suka rasu. Duk wanda ke zaune a yankin da ake haƙar ma'adinai ya riƙe wannan da kyau.

Abubuwa uku kuma a kiyaye. Kada a ba yaro zuma kafin ya cika shekara ɗaya, domin hanjinsa bai iya yaƙar wata ƙwayar cuta da kan zo a cikinta ba. Kada a ba shi gyaɗa, aya ko gurjiya ƙwaya-ƙwaya, suna iya shaƙe shi. Shayi kuma yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, lemon kwalba yana cika ciki a banza.

6. Tsara abincin gida

Uwar da za ta ɗora tukunya daban don yaro sau huɗu a rana, ga itace da gawayi da tsada, ba za ta jure ba. Mafita ita ce a tsara girkin gida ta yadda za a iya cire kason yaro daga ciki. Doka ɗaya ce: a ɗebi nasa kafin a zuba barkono, yaji da yawan gishiri ko magi.

> Tsarin abinci: yanke shawara tun kafin a je kasuwa a kan abin da za a dafa kowace rana, gwargwadon abin da ke gida da kuɗin cefane.
>
> Abinci mai tauraro huɗu: abincin da ya haɗa rukuni huɗu. Na ɗaya, hatsi da saiwa: gero, dawa, masara, shinkafa, dankali, doya. Na biyu, wake, waken soya da gyaɗa. Na uku, ganye da 'ya'yan itace: zogale, alayyafo, kabewa, karas, mangwaro, gwanda. Na huɗu, abin da ya fito daga dabba: ƙwai, kifi, nama, hanta, nono.

*Misali na 3.* Gida ne mai mutum shida, autansu ɗan wata goma. Da safe koko da ƙosai za a sha. Uwa ta ɗebi kokon auta tun yana da kauri, kafin ta tsinka na sauran, ta zuba masa cokalin garin ƙuli-ƙuli marar yaji. Tauraro biyu ke nan. Da rana shinkafa da wake da manja. Ta bar nasa ya ƙara laushi, ta murƙushe da cokali, ta barbaɗa garin zogale. Tauraro uku. Da la'asar ta kankare masa gwanda. Da dare tuwon masara miyar kuka da busasshen kifi. Ta ɗebi miyarsa kafin ta sa yaji, ta zuba garin kifin da ta daka ta tankaɗe, ta dama da ɗan tuwo mai laushi. Wannan rana auta ya samu taurari huɗu, ba a kuma ɗora masa tukunya ta musamman ba.

Tauraro na huɗu shi ne mai tsada, shi ne kuma yaro ya fi rasawa. A gidaje da yawa ɗan naman da aka samu kwanon maigida yake tafiya, don girmamawa. Girmama maigida abu ne mai kyau. Sai dai ya kamata iyaye maza su sani cewa jikinsu ya gama ginuwa, na yaron kuwa yanzu ake gina shi, ƙwaƙwalwarsa ma haka. Yanka ɗaya na hanta a mako, ko ƙwai ɗaya da aka dafa sosai, ba zai ƙosar da babba ba, amma ga ɗan wata goma babban abu ne. Maganar da ake yi cewa ƙwai yana sa yaro sata ko yana hana shi magana da wuri ba ta da tushe. Maigidan da ya ce, "Uwargida, fara cire na yaron nan," ya sauƙaƙa wa matarsa abin da ita kunya za ta hana ta yi.

Wajen tsara mako, miji da mata su zauna kafin ranar kasuwa. Su fara duba abin da ke rumbu ko buhu, don kada a sayi abin da ake da shi. Sannan su raba kuɗin cefane yadda abin dabba zai bazu cikin mako. Ƙwai huɗu da aka ba yaro a ranaku huɗu sun fi amfani a kan kaza guda da aka cinye ranar Juma'a, sauran kwana shida kuma ba komai.

Shekara ma ana tsara ta. Da damina zogale, rama, yakuwa da tafasa suna ko'ina. A wanke a shanya su a inuwa, ba a rana ba, don rana tana rage musu amfani, sannan a daka a ajiye don rani. Da kaka wake da gyaɗa suna araha, lokacin saye ke nan. Wake yana ajiyuwa ba tare da maganin ƙwari ba idan ya bushe sosai aka zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ko a jarka mai tsabta da aka cika taf aka toshe, domin rashin iska yana kashe ƙwarin. Da rani lambu yana kawo karas, tumatir da alayyafo. Da bazara kuma ga mangwaro, wanda yake cike da bitamin A mai kare ido. Gishirin gida ya zama mai sinadarin aidin.

Idan yaro ya yi rashin lafiya, kada a janye masa abinci. A ƙara shayarwa, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa. Bayan ya warke a ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu. Idan ya ƙi ci gaba ɗaya, ko yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi asibiti ranar, kada a jira.

Tambayoyin bita

1. A wane wata ake fara ba yaro ƙarin abinci, kuma me ya sa ba a farawa kafin nan?
2. Kawo dalilai biyu da suka sa yaro ke buƙatar kwanonsa daban.
3. Yarinya tana da wata 14. Sau nawa za ta ci abinci a rana, kuma yaya yawansa a kowane ci?
4. Yaya ake gane kunu ya yi kaurin da ake so? Me garin tsiro yake yi wa kunu?
5. Mene ne haɗarin ɗura? Da wane irin lafazi za ka yi wa surukarka, ko za ki yi wa uwar mijinki, bayanin wannan cikin ladabi?
6. Kana da waken soya gwangwani 9. Gero nawa da gyaɗa nawa za ka auna? Nawa ne jimla?
7. An dama kunu da ƙarfe 7 na safe, an bar shi a kwano. Yaro ya tashi da ƙarfe 11. Me ya kamata a yi?
8. Wane darasi abin da ya faru a Zamfara a 2010 ya koyar game da turmi da injin niƙa?
9. Gida zai ci ɗanwake da rana, tuwon dawa miyar kuɓewa da dare. Taurari nawa aka samu? Me za a ƙara don su cika huɗu?

Aikin gida: Rubuta abin da aka dafa a gidanku cikin kwana uku da suka wuce. A gaban kowane girki, rubuta yawan taurarinsa da yadda za a cire kason ɗan wata tara daga ciki. A zo da takardar a aji na gaba, tare da kwanon da aka yi wa alama kamar yadda Misali na 1 ya nuna.